Amsoshin Wasiƙunku: Me Ke Jawo Otizim, Kuma Wa Ake Ɗora wa Laifi?

Tun daga fitowar da muka yi magana a kan yaran da ke jinkirin buɗe baki, wasiƙu suke ta shigowa daga Agege, Idi-Araba, Obalende da sauran unguwannin da Hausawa suka yi kaka-gida a Legas, kuma kusan duk tambayarsu ɗaya ce: me ya jawo? Kafin in amsa, sai na ɗan tsaya a kan suna. Gidajen rediyo sun saba cewa galahanga, amma a bakin jama'a wannan kalma takan haɗa yara masu larurori daban-daban, har da waɗanda gaɓoɓinsu suka sandare tun haihuwa, don haka zan riƙe sunan da likitoci ke amfani da shi, wato otizim. Yanayi ne da ƙwaƙwalwar yaro ke ginuwa da shi, wanda ke shafar yadda yake magana da cuɗanya da mutane, ya sa shi maimaita wasu ɗabi'u, ya kuma sa ƙara ko haske ko taɓawa su dame shi fiye da sauran yara. Wani mai larurar ba zai taɓa yin magana ba, wani kuma zai gama jami'a.

Tambaya ta farko, daga wata uwa a Agege: "Assalamu alaikum, Likita. Ɗana yana da shekara uku. Yana wata goma sha biyar yana cewa Mama da Baba da ruwa. Aka yi masa allurar ƙyanda ta biyu, ya yi zazzaɓi na kwana biyu, bayan kamar wata biyu kalmomin suka ɓace, ko an kira sunansa ba ya waiwayowa. Yanzu maigidana ya rantse ba za a yi wa ƙanwarsa allura ko ɗaya ba, yana cewa ruwa ba ya tsami banza. Allurar ce?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na gaskata abin da kika gani, domin ba ke kaɗai kika gan shi ba. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na yara masu otizim sukan fara furta wasu kalmomi sannan su rasa su, kuma hakan ya fi faruwa tsakanin wata goma sha biyar da shekara biyu. To, a daidai wannan tsakanin ne ake yi wa yara allurar ƙyanda ta biyu, a nan ne ake yaye, a nan ne turame ke tsirowa, a nan ne uwa kan sake ɗaukar ciki. Duk abin da ya faru da yaro a waɗannan watanni zai yi kama da sanadi, alhali faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Gaskiyar maigidanki ce cewa ruwa ba ya tsami banza, sai dai abin da ya tsamar da shi ba lallai ne ya zama abin da aka gani a bakin randa ba.

Wannan zargi yana da asali, kuma ya kamata ku san shi. A shekarar 1998 wani likitan hanji ɗan Ingila, Andrew Wakefield, ya buga rahoto a mujallar likitoci ta Lancet a kan yara 12 kacal, ya kuma fito gaban 'yan jarida yana nuna cewa allurar da ta haɗa rigakafin ƙyanda da hangum da rubela, wata cuta mai kama da ƙyanda, tana da hannu a larurar. Daga baya wani ɗan jarida, Brian Deer, ya tono cewa lauyoyin da ke shirin kai masu haɗa allurar kotu suna biyan likitan kuɗi, waɗanda jimillarsu ta haura fam dubu 400, kuma bayanan yaran da aka buga ba su dace da abin da ke cikin takardunsu na asibiti ba. Goma daga cikin waɗanda suka sa hannu tare da shi suka janye daga fassarar rahoton a 2004, mujallar ta soke shi baki ɗaya a 2010, a shekarar kuma hukumar kula da likitocin Birtaniya ta ƙwace lasisinsa.

Amma rashin gaskiyar mutum ɗaya ba shi ne hujjar da ta fi ƙarfi ba. Hanyar gane gaskiya ita ce a kwatanta yaran da aka yi wa allurar da waɗanda ba a yi wa ba, a ga ko larurar ta fi yawa a ɓangare ɗaya. An yi haka a Denmak, inda hukuma ke riƙe da tarihin lafiyar kowane yaro. Binciken da aka buga a 2019 ya bi yara fiye da dubu 650 waɗanda aka haifa daga 1999 zuwa 2010, bai kuwa sami wani bambanci ba, har a cikin yaran da ke da wa ko ya mai larurar. A Jafan an daina wannan allura a 1993, amma a birnin Yokohama adadin yaran da ake ganowa da otizim ya ci gaba da hawa kamar ba a daina komai ba. Mu kanmu a nan Najeriya mun shafe shekaru masu yawa allurar ƙyanda ce kaɗai a jadawalin gwamnati, ba waccan haɗakar da ake zargi ba, kuma hakan bai hana a haifi yara masu larurar ba.

Ba zan yi wa maigidanki dariya ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Duk Bakano mai shekaru ya tuna 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, yara 11 suka rasu, shari'a ta yi ta tafiya har aka yi sulhu da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo ne na gaske. Sai dai mu tuna da abin da ya biyo bayan dakatar da rigakafin shan inna a Kano daga 2003 zuwa tsakiyar 2004: cutar ta bazu zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya, kuma 'ya'yanmu ne suka fara shanyewa. Ƙyanda kuwa tana kisa, tana makantarwa, tana kurumtarwa, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Wani abin lura kuma shi ne cewa kamuwar mai ciki da rubela yana cikin 'yan abubuwan da aka tabbatar suna iya kai jariri ga otizim, kamar yadda aka gani bayan annobar da aka yi a Amurka a 1964, wato allurar da ake gudu tana cikin masu kare yaro. Ki roƙi maigidanki ya raka ki asibiti ya yi tambayoyinsa da bakinsa. Shi kuma yaron, a fara da gwajin ji, domin yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi yana iya zama kunne ne matsalarsa, musamman in ya taɓa yin shawara mai tsanani yana jariri.

Tambaya ta biyu, daga wani ɗan kasuwa a Mile 12: "Likita, 'ya'yana maza biyu duk an ce suna da wannan larura. Mahaifiyata ta ce rashin kulawar matata ne, wai ba ta yi musu wasa da hira suna goyo. Abokina kuma ya ce auren zumunci ne, domin 'yar kawuna ce. Gidana ya ƙi zaman lafiya, har ana ba ni shawarar in sauwaƙe mata."

Alhaji, kada ka saki matarka a kan wannan magana. Abin da Hajiya ta faɗa, manyan likitocin Turai da Amurka sun riga ta faɗa, kuma sun yi kuskure. Leo Kanner, wanda ya fara bayyana larurar a 1943 bayan ya lura da yara 11 a birnin Baltimo, ya ce da ita ake haihuwarsu, amma ya kuma yi tsokaci cewa iyayensu ba su da sakin fuska. Wani mai suna Bruno Bettelheim a Cikago ya ɗauki wannan tsokaci ya mayar da shi aƙida, aka riƙa kiran iyaye mata da uwa mai sanyin firji, aka raba yara da iyayensu da sunan magani. Mata sun yi shekaru fiye da ashirin suna kuka da laifin da ba su yi ba. Abin da masu zargin suka kasa gani shi ne cewa hira da jariri ba ta yiwuwa da mutum ɗaya. Uwar da take yi wa ɗanta murmushi ba ya mayar mata, take kiransa ba ya dubanta, dole wata rana ta gaji, sai mai kallo daga waje ya ɗauki sakamakon a matsayin sanadi.

Abin da ya rushe wannan aƙida shi ne binciken tagwaye. A 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka duba tagwaye rukuni 21, kowane rukuni yara biyu, a Ingila, waɗanda aƙalla ɗaya a cikin kowane biyu yake da larurar. A cikin rukuni 11 na tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, masu gado iri ɗaya, an sami rukuni huɗu da Hassan da Husaini duk suna da ita. A cikin rukuni 10 na tagwayen da ƙwansu daban-daban ne, ba a sami ko ɗaya ba, alhali uwa ɗaya ce ta goya su, nono ɗaya suka sha. Manyan bincike da suka biyo baya sun ƙarfafa wannan, har wani da aka buga a 2019, wanda ya haɗa mutane kimanin miliyan biyu daga ƙasashe biyar, ya ƙiyasta cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na abin da ke bambanta mai larurar da wanda ba shi da ita daga gado yake.

Sai dai kalmar gado tana da haɗari a gidajenmu, domin da an ambace ta sai a fara tambayar dangin wa. Ba ƙwayar halitta ɗaya ba ce da za a ce daga wance ta fito. Ɗaruruwa ne, mafi yawansu ƙanana da ke yawo a jikin mutane masu lafiya, uba ya bayar da nasa kason, uwa ta bayar da nata, sai su taru a kan yaro ɗaya. Wani lokaci kuma canjin sabo ne fil, ya faru a ƙwan uwa ko maniyyin uba ba tare da akwai shi a jikin kowannensu ba, kuma irin wannan canji yana ƙaruwa da yawan shekarun uba, abin da ba kasafai ake faɗa a gaban surukai ba. Samun 'ya'ya biyu masu larurar a gida ɗaya ba abin mamaki ba ne: binciken da ya bi ƙannen irin waɗannan yara ya nuna kusan ɗaya cikin biyar yakan same ta, kuma maza sun ninka mata sau uku zuwa huɗu.

Game da maganar abokinka, auren zumunci yana ƙara yiwuwar yaro ya gaji ƙwayar halitta mai rauni iri ɗaya ta ɓangaren uwa da na uba, kuma an gano wasu nau'o'in larurar ta wannan hanya a iyalai na Gabas ta Tsakiya da Turkiyya da Fakistan. Amma mafi yawan masu otizim a duniya iyayensu bare ne ga juna. In ma zumuncin yana da hannu, to jinin kakanninku ne ku biyu, kuma kawun naka ɗan'uwan Hajiya ne. Ka zauna da ita cikin ladabi, ka nuna mata cewa matar da ke kwana da tashi da yara biyu irin waɗannan mataimaki take nema.

Tambaya ta uku, daga wata malamar Islamiyya a Idi-Araba: "Ina ganin iyaye suna miƙa wa yara waya tun suna rarrafe. Ga kuma yaran Legas suna jin Hausa a gida, Yarabanci a layi, Turanci a makaranta, buroka a kasuwa. Waɗannan ba su ne ke rikita su ba?"

Malama, yawan harsuna ba ya jawo otizim, kuma ko yaron da ke da larurar ba a hana shi harshen gidansu. Iyayen da suka daina yi wa ɗansu Hausa don wai kada ya rikice sun raba shi da kakarsa ne kawai. Waya kuwa tana cinye lokacin da ya kamata yaro ya yi yana kallon fuskoki, tana iya jinkirta magana, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo. Binciken da ya ga yara masu otizim sun fi daɗewa a kan waya bai nuna wanne ya riga wanne ba, domin yaron da cuɗanya ke yi wa wuya shi ne ya fi manne wa allo, shi ne kuma uwa ta fi miƙa wa waya don ta samu ta ɗora tukunya.

Tambaya ta huɗu, daga wata dattijuwa a Alaba Rago, jikanta ya rubuta mata: "Ɗan jikana yana magana shi kaɗai, yana kaɗa hannuwa, yana toshe kunne yana ihu in an tayar da janareta. A garinmu irin wannan ɗan ruwa ake ce masa. An yi ruƙiyya, an yi hayaƙi, an sha rubutu, shiru. Makwabtanmu Yarabawa ma sun ce ba yaron mutane ba ne."

Inna, Allah ya ƙara girma da lafiya. Yaron nan ɗanku ne, jininku ne, babu wanda ya musanya shi. Abubuwan da kuka lissafa duk suna da bayani. Maganar da yake yi shi kaɗai sau da yawa maimaita abin da ya ji ne a rediyo ko a bakin wani, kuma wata hanya ce ta koyon magana. Kaɗa hannu yana kwantar masa da hankali kamar yadda babba kan girgiza ƙafa in ya ƙosa. Ƙarar janareta kuwa, wadda mu mazauna Legas muka daina ji ma, a kunnensa ciwo ce ta gaske. Irin waɗannan alamu iri ɗaya ne a Kano da Makka da Tokiyo, a gidan malami da gidan wanda bai taɓa jin sunan aljani ba.

Addu'a ba ta karo da asibiti, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Abin da nake roƙon ku bari shi ne duk abin da zai cutar da jikinsa: duka da sunan korar aljani, ɗauri, kulle shi a ɗaki, da turnuƙe shi da hayaƙi. In kun ga yana ƙamewa ko yana zuba ido wuri ɗaya ba ya motsi, a gaya wa likita, domin farfaɗiya takan zo tare da wannan larura kuma tana da magani. Ku kuma yi hattara da masu sayar da waraka a intanet da sunan kimiyya. A 2005 wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu a jihar Fensilbaniya ta Amurka ana yi masa ƙarin ruwan da aka ce zai wanke masa zaiba daga jini, bisa wata aƙida da ba ta da tushe. Abin da ke taimako shi ne horon magana da na mu'amala da aka fara da wuri. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja suna da sassan yara, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba kuma yana da cibiyar yara da matasa a Oshodi.

Tambaya ta biyar, daga wata mai ciki a Obalende: "An turo mini a WhatsApp cewa shugaban Amurka ya ce farasitamol ne ke jawo otizim, shi ya sa cutar ta yi yawa. Cikina wata biyar, na sha shi sau da dama. Hankalina ya tashi."

Ki kwantar da hankalinki, ƙanwata. Gaskiya ne cewa a ranar 22 ga Satumba, 2025, Shugaba Donald Trump ya yi wannan magana tare da ministan lafiyarsa, Robert Kennedy ƙarami, amma Hukumar Lafiya ta Duniya da hukumomin magunguna na Birtaniya da Tarayyar Turai sun ce babu hujjar da ta tabbatar da haka. Akwai binciken da ya ga ɗan ƙarin larurar a 'ya'yan matan da suka sha maganin, sai dai mace ba ta shan magani haka kawai, zazzaɓi ko ciwo ne ya sa ta sha. A Suwidin an bi yara kusan miliyan biyu da rabi, aka buga sakamakon a 2024. Da aka kwatanta 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, wanda aka sha maganin da cikinsa da wanda ba a sha ba, sai bambancin ya ɓace, abin da ke nuna cewa daga iyalin yake, ba daga ƙwayar maganin ba.

Maganar yawaita kuwa, alƙaluman Amurka sun tashi daga yaro ɗaya cikin 150 a shekarar 2000 zuwa ɗaya cikin 31 a 2022, amma ma'aunin ne ya fi canjawa. A 1994 an faɗaɗa sharuɗɗan gano larurar suka haɗa da yara masu magana da kaifin basira, a 2013 aka tattara nau'o'in a ƙarƙashin suna ɗaya, aka kuma fara tantance yara tun suna ƙanana. Yaron da a da za a ce masa dolo ko miskili ko mai taurin kai, yau yana da suna a takardar likita.

Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗari a lokacin ciki kaɗan ne, kuma mafi yawansu awon ciki yana taimakawa a kansu: haihuwar bakwaini, ciwon suga da ba a kula da shi ba, wahalar naƙuda da ta hana jariri iska, da maganin farfaɗiya mai suna balfuruwet, wanda mai shan sa bai kamata ta daina da kanta ba sai ta ga likita, zai fi kyau tun kafin ta ɗauki ciki. A gari mai sauro kamar Legas, zazzaɓin da aka bari ya yi zafi ya fi ƙwayar farasitamol haɗari ga abin da ke cikinki. In jikinki ya yi zafi, ki sha shi daidai yadda aka rubuta, kada ki maye gurbinsa da ibufurofen, musamman a watannin ƙarshe, sannan ki je a gwada jininki a ranar, domin a san ko maleriya ce.